Malamin Jami'a Tsakanin Bincike da Kuɗin Kamfani: Matsalar Karon Maslaha

1.0 Gabatarwa

Idan likita ya rubuta wa mutum magani, ko malamin gona ya ce wa manomi ga irin da ya kamata ya shuka bana, da wuya a ce su da kansu suka gwada abin. Sun dogara ne ga abin da suka karanta ko aka koya musu, wanda shi kuma ya samo asali daga binciken da wasu malaman jami'a suka yi, suka buga a mujallun ilmi. Ke nan akwai wata doguwar igiyar amana da ta taso daga ɗakin gwaji har zuwa bakin gadon majinyaci, kuma wanda ke ƙarshen igiyar ba shi da hanyar bin diddigin wanda ke farkonta.

Wannan takarda za ta duba abin da kan faru idan shi mai binciken yana da wani abin da zai shiga aljihunsa muddin sakamakon ya fito ta wata fuska, ya kuma rasa shi idan ya fito ta wata fuskar. Yawancin misalan daga Amurka da Kanada suke, kuma daga fannin magani. Dalili kuwa shi ne can ne kuɗin kamfanoni ya fi shiga jami'o'i, can ne kuma kotuna da majalisa da ƴan jarida suka tono takardun da suka sa aka san abin da ya faru dalla-dalla.

2.0 Me ake nufi da karon maslaha?

Da farko sai mun daidaita a kan suna, domin abin bai riga ya sami tsayayyen suna a Hausa ba. Wasu masu fassara kan ce “son zuciya”, wasu su ce “cin hanci”. A ganina duka biyun sun zarce gona da iri, saboda sun riga sun yanke wa mutum hukunci. Na zaɓi “karon maslaha”, wato maslaha biyu da suka yi karo a hannun mutum ɗaya.

Wani masanin Jami'ar Harvard, Dennis Thompson, ya yi bayanin da aka fi amfani da shi a wata maƙala ta 1993. Ya raba maslahar zuwa biyu. Akwai ta asali, wadda dominta aka ba mutum aikin: ga mai bincike ita ce gano gaskiya, da kare lafiyar waɗanda ake gwaji a kansu, da tarbiyyar ɗalibansa. Akwai kuma ta gefe, kamar kuɗi ko ƙarin girma ko suna. Ita ta gefen ba laifi ba ce, kowa na da iyali da zai ciyar. Karo yana samuwa ne a lokacin da aka shiga yanayin da ta gefen za ta iya rinjayar hukuncin mutum a kan ta asali.

Abin lura a nan shi ne, karon maslaha yanayi ne, ba aiki ba ne. Mu ɗauki dillali a kasuwar shanu. Mai saye ya ce masa ya duba masa lafiyar wani sa, alhali mai sayarwa ya yi masa alkawarin ƙarin la'ada idan san ya shiga. Mai yiwuwa dillalin mutumin kirki ne, ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Duk da haka yana cikin karon maslaha tun kafin ya buɗe baki, kuma mai saye yana da haƙƙin ya sani. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin malamai da yawa kan fusata idan an tambaye su alaƙarsu da kamfani, su ɗauka ana kiran su ɓarayi ne.

Alaƙar kan zo ta hanyoyi da dama. Kamfani kan ɗauki nauyin binciken gaba ɗaya, ko ya riƙa biyan malami kuɗin ba da shawara, ko na yin lacca ga likitoci, ko ya sa shi a kwamitin gudanarwarsa. Mafi nauyi duka shi ne malami ya mallaki hannun jari a kamfanin, ko ya riƙe haƙƙin mallakar abin da ake gwadawa, domin a nan ribarsa ta rataya kai tsaye a kan sakamakon.

3.0 Yadda kuɗin kamfani ya shiga jami'a

Kafin 1980, idan gwamnatin Amurka ta ba da kuɗin bincike, galibi ita ke riƙe haƙƙin mallakar abin da aka gano, kuma ana kukan cewa mafi yawan waɗannan abubuwa suna kwance a ma'ajiya babu mai juya su. A watan Disamba na 1980 aka sa hannu a dokar da ake kira Bayh-Dole, daga sunayen sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole. Dokar ta ba jami'o'i damar mallakar abin da malamansu suka gano da kuɗin gwamnati, su ba kamfanoni lasisi, su kuma raba ribar da malamin. Nan da nan jami'o'i suka buɗe ofisoshin cinikin fasaha, farfesoshi suka shiga kafa kamfanoni nasu na kansu.

Dole a yi wa dokar adalci: magunguna da na'urori masu amfani sun fito kasuwa ta wannan hanya, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaye ta. Amma ta sauya matsayin jami'a. Da can jami'a tana iya zama alƙali tsakanin malaminta da kamfani. Yanzu ita ma tana da rabo a cinikin. Wani nazari da Justin Bekelman da abokan aikinsa suka buga a mujallar JAMA a 2003 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu binciken magani suna da alaƙa da kamfanoni, kuma kusan biyu cikin uku na cibiyoyin ilmin suna da hannun jari a ƙananan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin bincike a cikinsu.

Abin bai tsaya ga magani ba. A 1998 kamfanin Novartis ya ƙulla yarjejeniya da sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley: dala miliyan 25 cikin shekara 5, shi kuma a ba shi damar farko ta neman lasisi a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da sashen ya gano, da kujeru 2 cikin 5 a kwamitin da ke raba kuɗin. A nan ba malami ɗaya aka ɗauka ba, sashe ne sukutum.

4.0 Mutuwar Jesse Gelsinger

Babu labarin da ya girgiza wannan fage kamar na wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger. An haife shi da wata cutar gado ta hanta wadda ke hana jiki fitar da sinadarin amoniya. Nasa ciwon mai sauƙi ne, yana rayuwa da kiyaye abinci da shan ƙwayoyi. Jarirai masu nau'i mai tsanani kuwa kan mutu cikin ƴan kwanaki, kuma domin irinsu ne Jami'ar Pennsylvania ta shirya gwajin wata sabuwar hanya: a ɗora lafiyayyar ƙwayar gado a kan ƙwayar cutar mura da aka raunana, a tura ta cikin hanta. Jesse ya ba da kansa, yana sane da cewa gwajin ba zai warkar da shi ba. A ranar 13 ga Satumba 1999 aka yi masa allurar. Garkuwar jikinsa ta yi mummunan bore, gaɓoɓinsa suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ya rasu ranar 17 ga wata.

Da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bincika, sai ta tarar da abubuwa marasa daɗi. Yawan amoniyar da ke jininsa gab da allurar ya haura ƙa'idar da aka gindaya. Wasu da aka yi wa allurar kafin shi sun sami illar da ta isa a dakata a sanar da hukuma. Takardar amincewar da ya sa wa hannu kuma ba ta ambaci birai da suka mutu a gwajin farko ba.

Sai kuma maganar kuɗi ta fito. Shugaban cibiyar, James Wilson, shi ne ya kafa wani kamfani mai suna Genovo, yana riƙe da kusan kashi 30 cikin 100 na hannun jarinsa. Jami'ar ma tana da nata kason, kamfanin kuma yana ba cibiyar kuɗi duk shekara. Da aka sayar da Genovo a 2000, an ba da rahoton cewa rabon Wilson ya kai kimanin dala miliyan 13.5. A takardar amincewa akwai ɗan gajeren bayani cewa Wilson da jami'a da kamfanin suna da maslahar kuɗi a nasarar binciken, amma babu adadi, babu ƙarin haske. Iyalin sun kai ƙara, aka sasanta a 2000. A 2005 jami'ar ta biya gwamnati fiye da dala dubu 500, aka kuma taƙaita wa Wilson gwaji a kan mutane na tsawon shekaru.

Wilson ya musanta cewa kuɗi ne ya sa aka yi gaggawa, kuma babu wanda ya tabbatar da akasin haka. Ina son mai karatu ya tsaya a nan, domin nan ne zuciyar matsalar take. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mai yiwuwa ɗokin zama na farko ne ya ja su, wanda shi ma maslaha ce ta gefe. Amma ba mahaifin yaron ba, ba hukuma ba, har shi Wilson ɗin kansa, babu mai iya shiga zuciya ya auna nawa ne na kuɗi, nawa ne na ɗoki. Shi ya sa dokokin karon maslaha ba sa tambayar niyya. Suna duban yanayi ne kawai, su ce wanda zai yi arziki idan gwaji ya yi nasara kada ya zama shi ke da ikon cewa a ci gaba ko a tsaya.

5.0 Idan sakamako bai yi wa mai kuɗi daɗi ba

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Misalai biyu da ke tafe na mata biyu ne da suka karɓi ladan, suka ƙi askin, da abin da ya same su.

Betty Dong malama ce a fannin haɗa magunguna a Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco. A ƙarshen shekarun 1980 masu yin Synthroid, maganin da ake ba waɗanda ƙullutun wuyansu (wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo) ba ya fitar da isasshen sinadari, suka ba ta kuɗi ta kwatanta nasu da wasu uku masu araha. Suna sa ran nasu zai fi. A 1990 aka gama, sakamako ya nuna duk ɗaya suke. Kamfanin Boots, wanda maganin ke hannunsa a lokacin, ya shiga sukar binciken da shi da kansa ya amince da tsarinsa. Jami'a ta duba ba ta ga aibin da zai rushe shi ba. Mujallar JAMA ta karɓi maƙalar, saura kwanaki a buga ta a Janairun 1995, sai Dong ta janye. Ashe a yarjejeniyar da ta sa wa hannu akwai sharaɗin cewa ba za a buga komai ba sai da izinin kamfani a rubuce, kuma lauyoyin jami'a sun gaya mata ba za su tsaya mata ba idan aka kai ta kotu. A wannan shekarar ce aka sayar da sashen magunguna na Boots ga kamfanin BASF a kan dala biliyan 1.4. Sai da jarida ta fallasa zancen kafin maƙalar ta fito a Afrilun 1997, shekara 7 bayan kammala aikin. Marubutan sun ƙiyasta cewa da an koma ga masu arahar, da Amurkawa sun riƙa tsimin dala miliyan 356 a shekara.

Labarin Nancy Olivieri ya fi wannan zafi. Likitar jini ce a asibitin yara na Toronto a Kanada, malama kuma a Jami'ar Toronto. Tana kula da masu talasemiya, wata cutar jini ta gado da ke da dangantaka da sikila. Masu irin wannan ciwo ana yawan ƙara musu jini, ƙarin jinin kuma kan tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya har ya yi kisa, don haka sai an ba su maganin da zai fitar da shi. Maganin da ake da shi a lokacin sai an ɗaura na'ura ta yi sa'o'i tana tura shi a ƙarƙashin fata, kusan kowane dare. Olivieri tana gwada wata ƙwaya ta haɗiya, deferiprone, da tallafin kamfanin Apotex. A 1996 ta ga alamun cewa a jikin wasu majinyata ƙwayar ta daina rage ƙarfen yadda ya kamata. Kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya ce ta gyara takardar amincewa ta sanar da su. Kamfanin ya dakatar da gwajin, ya kuma yi mata barazanar shari'a idan ta faɗa, yana kafa hujja da sharaɗin riƙe sirri. Ta faɗa wa majinyatanta, ta kuma buga sakamakonta a 1998.

Abin da ya sa wannan labari ya shiga littattafan koyarwa shi ne halin da jami'a ta nuna. A daidai lokacin tana tattaunawa da Apotex kan wata babbar kyauta ta gina cibiyar bincike. A 1999 aka gano cewa shugaban jami'ar, Robert Prichard, ya rubuta wa Firayim Minista Jean Chrétien wasiƙa yana roƙon sassauci a kan wasu ƙa'idojin mallakar magani da suka dami kamfanin. Daga baya ya nemi afuwa. Wani kwamitin bincike da ƙungiyar malaman jami'o'in Kanada ta kafa ya fitar da rahoto a 2001, ya wanke Olivieri, ya ce jami'a da asibiti ba su ba ta kariyar da ta dace ba.

Shi maganin fa? Tarayyar Turai ta amince da shi a 1999, Amurka a 2011, kuma ana amfani da shi har ga masu sikila. Masana da dama sun saɓa wa Olivieri a kan illarsa ga hanta. Wannan bai rage komai daga hujjarta ba. Tambayar ba ita ce wa ya yi daidai a ilmance ba. Ita ce wa ke da ikon hana likita gaya wa majinyacinsa abin da ya gani.

6.0 Karkata ba tare da ƙarya ba

Mai karatu zai iya cewa waɗannan ai ɗaiɗaiku ne. To, akwai lissafi. A 1998 Henry Stelfox da abokansa suka duba rubuce-rubucen da aka yi kan taƙaddamar wani rukunin magungunan hawan jini. Cikin marubutan da suka goyi bayan magungunan, kashi 96 cikin 100 suna da alaƙar kuɗi da masu yin su. Cikin ƴan ba-ruwanmu, kashi 60. Cikin masu suka, kashi 37. A shekarar dai Deborah Barnes da Lisa Bero suka tattara maƙaloli 106 kan illar shaƙar hayaƙin tabar da wani ke sha. Guda 39 sun ce ba shi da illa, kuma 29 daga cikinsu masu alaƙa da kamfanonin taba ne suka rubuta. Nazarin Bekelman da muka ambata ya gano cewa binciken da kamfani ya biya ya fi saura yiwuwar ƙarewa da abin da kamfanin ke so, da rinjaye fiye da ninki uku.

Abin mamaki shi ne, idan aka auna waɗannan bincike da ma'aunin inganci da aka saba, sau da yawa ba su gaza saura ba. Ba ƙirƙirar alƙaluma ake yi ba. Karkatar tana shiga tun daga tambayar da aka zaɓa a yi. Ana iya kwatanta sabon magani da ƙwayar da babu komai a cikinta, maimakon da mafi kyawun maganin da ake da shi. Ana iya ba da na abokin gasa a ma'aunin da bai dace ba. Ana iya auna abu goma a ba da rahoton biyun da suka yi kyau, ko a tsayar da gwaji kafin illa ta bayyana. Gwajin da bai yi daɗi ba kuma a kulle shi a durowa. Kowane mataki yana da hujjar da za a iya karewa, sai an haɗa su kafin a ga inda aka dosa.

Misalin sukari ya nuna haka sarai. A 2016 Cristin Kearns da abokan aikinta suka fito da wasiƙun da suka nuna cewa a 1965 wata gidauniyar masu sukari ta Amurka ta biya malaman abinci na Harvard, ciki har da Mark Hegsted, dala 6,500 su rubuta sharhi kan abin da ke kawo ciwon zuciya. Gidauniyar ta ga daftarin kafin a buga. Sharhin ya fito a 1967 a mujallar New England Journal of Medicine, ya tsananta wajen tankaɗe binciken da ke zargin sukari, ya sassauta wa wanda ke zargin kitse, ba tare da ambaton wanda ya biya ba. Mujallar ba ta fara neman marubuta su bayyana alaƙarsu ba sai a 1984.

In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ba sai kuɗin ya yi yawa ba: wani nazari na 2016 a kan likitocin Amurka ya nuna cewa ko cin abinci sau ɗaya a kan kuɗin kamfani, wanda galibi bai kai dala 20 ba, yana tafiya tare da ƙarin rubuta maganin wannan kamfani.

7.0 Bayyanawa da iyakarta

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne bayyanawa. A 1995 hukumomin lafiyar Amurka suka wajabta wa mai neman tallafinsu ya sanar da jami'arsa duk wata maslaha da ta haura dala 10,000, a 2011 aka sauko da adadin zuwa dala 5,000. Amma tsarin ya dogara ga gaskiyar mai cika takarda. A 2008 Sanata Charles Grassley ya yi wata dabara mai sauƙi: ya nemi kamfanoni su ba shi lissafin abin da suka biya, ya kwatanta da abin da malamai suka faɗa wa jami'o'insu. Aka tarar Charles Nemeroff, shugaban sashen tabin hankali na Jami'ar Emory, ya karɓi kimanin dala miliyan 2.8 daga 2000 zuwa 2007, bai bayyana aƙalla miliyan 1.2 ba. Ya sauka daga shugabancin sashen. Wannan ya taimaka wajen kafa dokar 2010 da ta ɗora nauyin bayyanawa a kan kamfanonin kansu, kuma tun 2014 kowa na iya duba sunan likita a intanet ya ga abin da aka ba shi. Faransa ta yi irin wannan doka a 2011, bayan badaƙalar maganin Mediator na kamfanin Servier. Duk da haka a 2018 sai da babban likitan cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering, José Baselga, ya yi murabus saboda rashin bayyana alaƙarsa a maƙaloli masu yawa.

Ko an bayyana ɗin ma, da sauran rina a kaba. Daylian Cain da George Loewenstein da Don Moore sun yi wani gwaji da suka buga a 2005. Aka ba wasu mutane aikin ƙiyasta kuɗin da ke cikin kwalabe, wasu kuma suka zama masu ba su shawara, ana biyan su ƙari idan ƙiyasin ya yi sama. Da aka sanar da masu ƙiyasi wannan sharaɗi, sai masu shawara suka ƙara zuzuta adadin, kamar suna cewa ai na gaya maka, masu ƙiyasi kuma ba su rage abin da ya kamata su rage ba. Wato bayyanawa ta amfani mai shawara, ta cutar da wanda aka so a kare.

Saboda haka ni na fi ganin amfanin matakan da ba su jingina ga halin mutum ba. Tun 2005 manyan mujallun magani ba sa karɓar gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a ba tun farko, tare da faɗin abin da za a auna. Wannan ya sa ɓoye gwaji ko sauya ma'auni a tsakiyar hanya ya yi wuya. Haka nan jami'a ta ƙi sa hannu a duk yarjejeniyar da ta ba kamfani ikon hana bugawa, sai dai ɗan jinkiri na neman haƙƙin mallaka. Mai hannun jari kuma a cire hannunsa daga zaɓen majinyata da nazarin alƙaluma.

8.0 Mu fa?

Kada a ɗauka wannan ciwon masu kuɗi ne kawai. Yawancin magungunan da ke kantunanmu a kan irin waɗannan bincike aka amince da su, don haka karkatar da aka yi a Boston tana iso mu a Maraɗi da Garwa. Ban da haka, wani lokaci mu ne filin gwajin. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin; 11 suka rasu. Daga baya aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan gwajin, aka mayar da kwanan wata baya. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan shari'a ta fi shafar neman izinin iyaye fiye da hannun jarin malami, sai dai ta nuna tsadar ɓacewar amana: da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi.

Namu karon yana da tasa kama. Malaminmu ba shi da hannun jari a kamfanin fasahar halittu. Abin da yake da shi albashi ne da ba ya kai wata, da ɗakin gwajin da babu kayan aiki. Tarayyar Afirka ta daɗe da sa wa ƙasashe burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, kuma mafi yawa ba su kai ba. Saboda haka kuɗin bincike daga waje yake zuwa, daga kamfanonin iri da taki da magani da ma'adinai, da kuma ƙungiyoyin agaji, waɗanda su ma suna son rahoton da zai ce aikinsu ya yi nasara domin a sabunta musu tallafi. Na taɓa yi wa wata ƙungiya aikin tantance shirin yaƙi da jahilci a ƙauyuka. Da na miƙa daftari, jami'in ya kira ni ya ce, “Malam, aiki ya yi kyau, sai dai babi na huɗu ya ɗan yi tsauri, ga shi kuwa akwai zagaye na biyu da muke so mu sake kiranka.” Bai ce in sauya lamba ko ɗaya ba. Na koma gida na sake karanta babin, sai na ga jimlolin da jiya nake ganin daidai suke yau sun fara yi mini kama da wuce gona da iri. Na bar alƙaluman yadda suke, na tausasa sakin layi biyu, kuma kuɗin aikin ya fi albashina na wata huɗu.